Malamin Shawara a Makaranta: Aikinsa da Iyakarsa a Azare da Ƙasar Katagum

Masanin halayyar ɗan Adam na makaranta ƙwararre ne da ya haɗa fanni biyu, ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin koyarwa. Aikinsa shi ne ya gano abin da ke hana yaro koyo, ko abin da ya sauya masa hali, sannan ya haɗa kai da malamai da iyaye a nemo mafita. A Amurka da Ingila muƙami ne mai zaman kansa, ba a riƙe shi sai da horo na musamman da izinin hukuma. A makarantun gwamnati na Najeriya kuwa da wuya a tarar da mai wannan laƙabi. Nauyin ya faɗa ne a wuyan malamin ba da shawara da jagoranci, wanda za a kira malamin shawara a taƙaice. Shi ake samu, inda aka yi dace, a makarantun sakandare na Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum a arewacin Jihar Bauchi.

Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. Masanin halayya ya fi zurfi wajen gwaji da tantance matsalolin koyo, malamin shawara kuma ya fi ba da ƙarfi ga zaɓen fanni da sana'a da sauraron damuwar ɗalibi. Amma a garin da babu na farko, duk wata tambaya da ta kamata a kai masa tana ƙarewa ne a teburin na biyu.

Asalin aikin

A shekarar 1896 wani malamin Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, Lightner Witmer, ya buɗe ɗakin duba yara masu matsalar koyo, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. Yaron da aka fara kai masa ɗan shekara 14 ne da ya kasa rubuta kalmomi daidai. Da aka bincika sai aka tarar yana da matsalar gani, ko da yake gyaran idon bai kawar da matsalar baki ɗaya ba. A Faransa, Alfred Binet da Theodore Simon sun fitar da gwajinsu na auna basira a 1905, da nufin a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt aikin masanin halayya na makarantunta a 1913. Ɓangaren shawara kan sana'a kuma ya taso ne daga ofishin da Frank Parsons ya kafa a Boston a 1908.

A Najeriya ana danganta mafarin aikin da shekarar 1959, lokacin da matan Katolika masu kula da Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa ɗaliban da ke shirin kammalawa bayanin ayyukan da ke jiransu. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, wadda aka fi sani a yau da CASSON. Shekara guda bayan haka, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba aikin gurbi a hukumance. Dalili biyu ta kawo: matasa da yawa ba su san hanyoyin aikin da ke gabansu ba, kuma ana samun yaran da halinsu ya karkace a makarantu. Ta kuma yarda cewa ƙwararru sun yi ƙaranci, saboda haka za a horar da malamai masu sha'awa, a kuma saka darasin a cikin karatun horar da malamai. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982 sai buƙatar ta ƙaru, domin tsarin ya ɗora a kan cewa bayan aji uku na ƙaramar sakandare za a tantance kowane yaro a san inda ya dace da shi. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu wannan sana'a rajista, ta kuma sa ido a kan aikinsu.

Garin malamai

Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, cibiyar ilimi ce ga ƙasar Guddiri baki ɗaya. A 1977, wato shekarar da aka fitar da waccan manufa, aka kafa babbar kwalejin horar da malamai a garin, wadda a yau ake kira Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ba nisa. Duk wanda ya yi karatun NCE ya ɗan taɓa ilimin halayyar yara da gabatarwa kan shawara da jagoranci. Ke nan ba za a ce malaman yankin ba su taɓa jin labarin fannin ba. Sai dai darasin zango guda bai isa ya mai da mutum ƙwararre ba, kuma tazara tana da yawa tsakanin makarantar cikin garin Azare da ta ƙauyen Zaki ko Gamawa ko Shira, inda wani lokaci malamin Lissafi ma nemansa ake yi.

Daƙiƙi ne, ko akwai dalili?

Babban aikin, wanda ya fi kowanne kusa da na masanin halayya, shi ne binciken yaron da ya kasa. Kalmar daƙiƙi tana da saurin fita daga bakin malami, kuma idan ta manne wa yaro da wuya ta sake shi. Abokansa za su ɗauka, iyayensa su gaskata, daga baya shi ma ya yarda, sai a wayi gari ya daina zuwa. Malamin shawara ana so ya tsaya tsakanin yaron da wannan hukunci, ya tambaya: me ya sa?

Binciken yana farawa da abin da ya fi sauƙi. Shin yaron yana ganin allo daga inda yake zaune? Yana ji sosai? Ciwon kunne mai fitar da ruwa da aka bari ba magani yakan rage ji, sanƙarau da ƙyanda ma kan bar yaro da raunin ji, kuma yaron da ba ya jin rabin abin da malami ke faɗa zai yi kama da marar fahimta. Ya karya kumallo kafin ya fito? Yana da sikila, wadda ke kwantar da shi makonni a kowane zango? Sai a duba rajista. Fashin da ke faɗowa a rana ɗaya kowane mako sau da yawa ranar kasuwa ce. Wanda ke yawaita da faɗuwar damina ko lokacin kaka aikin gona ne. Yarinyar da ke gyangyaɗi a darasin farko wataƙila ta kai dare tana talla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bulala za ta gyara.

Sai batun harshe. A ƙasar Katagum akwai yaran da Fulatanci ko Barbarci ko Karekare suka fara ji a gida, Hausa ta zo musu a matsayin harshe na biyu, sannan aka ce su rubuta jarrabawa da Turanci. Yaron da ya kasa amsa tambaya da Turanci, amma ya amsa ta daidai da aka maimaita masa da Hausa, matsalarsa ta harshe ce. Haka nan yaron da ya haddace izu goma a makarantar allo ya riga ya nuna ƙarfin hadda da naci, ko da kuwa bai iya haɗa baƙaƙen boko ba. Malamin shawara mai lura yakan tambayi yadda yaro yake a Islamiyya kafin ya yanke hukunci a kansa.

Bayan an kawar da waɗannan duka, akwai yaran da za su rage. Wani yana da kaifin basira a magana, yana gane lissafi, amma karatu ya gagare shi: yana cakuɗa haruffa, yana tsallake kalmomi, rubutunsa cike da kuskure duk da ƙoƙarin da yake yi. Wannan larura ce sananniya da masana ke kira disleksiya, kuma ba ta da alaƙa da lalaci. Wani ba ya iya zama wuri ɗaya ko tsayar da hankalinsa. Wani kuma haɓakar ƙwaƙwalwarsa ce ke tafiya a hankali a kowane fanni. A nan aikin malamin shawara shi ne ya rubuta abin da ya lura da shi dalla-dalla, ya ba malamin aji shawarar abin da zai iya yi nan take, kamar dawo da yaron layin gaba, ko ƙara masa lokaci, ko yi masa tambaya da baki, sannan ya tura shi ga wanda zai iya tantancewa. Ga kurame da makafi akwai Cibiyar Ilimi ta Musamman da ke Yelwa a Bauchi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi.

A nan ya kamata a yi hattara da gwaje-gwajen basira. Yawancinsu an tsara su ne da Turanci, aka auna su da yaran wasu ƙasashe. Yaron Giade da aka nuna wa hoton abin da bai taɓa gani ba zai faɗi, kuma sakamakon bai faɗi komai game da basirarsa ba. Haka ma wasu alamomin da littattafan waje ke lissafawa. Yaron da ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido da babba, a nan ladabi ya nuna.

Zaɓen fanni

Ɓangaren da iyaye suka fi sani shi ne na jagoranci. Bayan jarrabawar aji uku, ɗalibi zai shiga ajin kimiyya ko na fasaha da adabi ko na kasuwanci, kuma wannan zaɓi da ake yi yana ɗan shekara 14 ko 15 yakan bi shi har ƙarshen karatunsa. A garin da ke da jami'ar kimiyyar lafiya da babban asibitin tarayya, ba abin mamaki ba ne kowane uba ya so ɗansa ya zama likita. Malamin shawara zai ɗauko sakamakon shekara uku, ya zauna da ɗalibin, ya faɗa masa gaskiya ba tare da ya karya masa gwiwa ba. Mai neman likitanci dole ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a jarrabawar JAMB, kuma ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Mai son aikin lauya yana buƙatar Adabin Turanci. Kuskure ƙarami wajen haɗa darussa yakan jawo asarar shekara guda da kuɗin rajista. Akwai kuma hanyoyin da ɗalibai ba su cika ji ba: jarrabawar NABTEB ta masu koyon sana'a, da ta NBAIS ga masu karatun Larabci da addinin Musulunci, da makarantun aikin jinya da ungozoma da kiwon lafiyar al'umma.

Shi ke shirya wa sababbin ɗalibai taron sanin makaranta, shi ke gayyato ma'aikata su yi bayanin sana'o'insu, shi kuma ke riƙe fayil ɗin da ke bin kowane ɗalibi daga aji zuwa aji.

Sirri da inda ya tsaya

Ɗalibi ba zai buɗe cikinsa ga wanda yake tsoro ba. Wannan ne ya sa masana fannin suka dage cewa kada a haɗa wa mutum ɗaya aikin shawara da na ladabtarwa. Hannun da ya riƙe bulala da safe ba za a kawo masa sirri da rana ba. Abin da ɗalibi ya faɗa a ofishin shawara amana ce, ba a kai shi ɗakin malamai a yi hira da shi.

Amanar tana da iyaka, kuma ana so a sanar da ɗalibi iyakar tun kafin ya fara magana. Idan ya nuna yana shirin cutar da kansa ko wani, ko ya bayyana cewa ana lalata da shi ko ana azabtar da shi, wajibi ne a sanar da shugaban makaranta da waɗanda doka ta ɗora wa kare yara. Wannan shi ne wuri mafi nauyi a aikin, musamman idan wanda ake zargi malami ne ko ɗan uwa na jini, kuma kowa na cewa a rufa asiri. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta gindaya cewa maslahar yaro ita ce kan gaba a duk abin da ya shafe shi. Saboda irin waɗannan batutuwa, da ma abubuwan da budurwa ba za ta iya faɗa wa namiji ba, makarantar 'yan mata tana buƙatar malama mace a wannan kujera.

Zama da iyaye ma yana da ladubbansa. Takardar gayyata kaɗai ba ta cika kawo uba makaranta ba, wani lokaci sai an bi ta hannun mai unguwa ko limami ko kwamitin kula da makaranta. A gidajen da ake kunyar ɗan fari, uwa ba za ta ambaci sunansa ba, balle ta zauna tana yabonsa ko ba da labarin damuwarsa. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka ba ta damu ba ne. Wanda ya sani zai nemi kaka ko goggo, domin a wurinsu labarin yake. Idan kuma maganar cire yarinya daga makaranta domin aure ce ta taso, malamin shawara ba shi da ikon hanawa. Abin da yake da shi shi ne sakamakon yarinyar a hannunsa, da lallashi, da neman a yarda ta kammala ko ta ci gaba daga ɗakinta.

Farfaɗiya, firgici da ƙwaya

A makarantun kwana, musamman na 'yan mata, akan samu lokacin da ɗaliba za ta faɗi tana ihu, sai wasu su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Jama'a kan ce iska ce, a kira malamai su yi ruƙiyya. Malamin shawara ba aikinsa ba ne ya yi jayayya da iyaye a kan abin da suka yi imani da shi. Aikinsa ya raba waɗanda abin ya shafa da taron 'yan kallo, ya kwantar da hankalin sauran, ya tabbatar ma'aikacin lafiya ya duba kowace, sannan ya bincika ko akwai abin da ya matsa musu, kamar fargabar jarrabawa, ko cin zalin manyan ɗalibai, ko wani labari mai tayar da hankali daga gida. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Farfaɗiya musamman tana buƙatar wayar da kai: cuta ce ta ƙwaƙwalwa da magani ke shawo kanta a wurin mafi yawan masu ita, ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa, kuma ba a cusa wa wanda ta kayar cokali a baki. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi ya kwanta a gefensa. Akwai yaran da suka bar makaranta saboda gudun da abokai ke yi musu, alhali cutar ba ta hana su karatu ba.

Yankin ya kuma san firgici na gaske. A ƙarshen 2014 an kai hare-haren bam a Azare, a tashar mota da kasuwar wayoyi, kuma a Nuwamban shekarar aka kashe ɗalibai da dama a harin da aka kai wata makarantar sakandare ta kimiyya a Potiskum, maƙwabciya ta gabas. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, ta kuma raba iyalai da gidajensu. Yaron da ya ga irin wannan yakan dawo aji da mafarkai masu ban tsoro, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko saurin fushi, ko shiru marar dalili. Mafi yawansu sukan warware idan rayuwa ta koma daidai kuma suka samu babban da ke sauraronsu. Wanda alamominsa suka wuce wata guda ba su lafa ba yana buƙatar likita.

Game da shaye-shaye, binciken ƙasa da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. A watan Mayun wannan shekara gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Korar ɗalibin da aka kama da tiramadol tana tsabtace sunan makaranta, amma tana miƙa yaron ga waɗanda suka sayar masa. Malamin shawara yakan nemi a fara da kiran iyaye da bibiya, da haɗa yaron da sashen ba da shawara na hukumar NDLEA.

Iyakar aikin

Malamin shawara ba likita ba ne. Ba ya rubuta magani, kuma ba shi da hurumin ya ce wane yana da taɓin hankali. Idan ya ga alamun ciwon damuwa mai tsanani, ko ɗalibi yana jin muryoyin da babu su, ko yana maganar mutuwa, hanyarsa ita ce asibiti: asibitin tarayya na Azare da aka fi sani da FMC, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da Kaduna. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wariya ga masu irin wannan larura. Bayan an tura yaro, aikin bai ƙare ba: sai an bi an ji ko an kai shi, an kuma shirya yadda zai dawo aji ba tare da an mai da shi abin nuni ba.

Abin da ya fi tauye aikin shi ne yadda ake naɗa mai yin sa. Sau da yawa akan ɗauki malamin da ke da cikakken jadawalin koyarwa a ƙara masa wannan a matsayin ɗan ƙarin aiki, ba ofishi, ba akwatin ajiye fayil mai makulli, ba sa'a guda da aka ware masa a mako. Ɗalibar da za ta faɗi damuwarta a tsakiyar ɗakin malamai, kunnuwa goma na saurare, gara mata ta haɗiye. Ƙungiyar masana halayya na makarantu ta Amurka tana ba da shawarar ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 500, ta masu ba da shawara kuma ɗaya ga 250, kuma ko a can jihohi da yawa ba su cim ma wannan ba. Abin da ke hannun shugaban makaranta a Azare ko Chinade ko Madara ya fi wannan sauƙi: ɗaki mai ƙofa, rage wa malamin darussa, da sanar da ɗalibai a taron safe ranakun da za su same shi. Uba ko uwar da ke son ganinsa kuma ba sai an aiko musu da takarda ba. Suna iya zuwa ofishin shugaban makaranta su tambayi wanda ke riƙe da shawara da jagoranci, su zo da katin sakamakon yaron na zangunan baya da duk wata takardar asibiti da suke da ita.